Taka, Riƙe, Ɗaga

Ranar da Ikram ta fara ganin Mikail, ƙafafunsa kaɗai ta gani, sun leƙo daga ƙarƙashin wata mota a garejinsa na Ƙofar Mazugal. Tsohuwar motar babanta ta kawo. Burkin ya yi laushi, sai an taka har ƙasa yake kamawa.

"Iska ce ta shiga bututun, Malama," ya ce bayan ya duba. "In kin taka, man burki ne ke tura ƙarafa biyu su buɗe, su matse gangar da ke cikin taya. Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa, sai ƙarfin ƙafarki ya ƙare a kanta. Fitar da ita aikin mutum biyu ne. Zauna ki taka."

Ya kwanta wajen tayar baya da sifana.

"Taka. Riƙe." Ya kwance ɗan noti, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure. "Ɗaga. Kada ki taɓa ɗagawa kafin na ce, iskar komawa za ta yi."

Daga nan zance ya ƙullu. Tana ce masa Injiniya, yana ce mata Direbata. Babanta, Alhaji Musa, ya ce ba zai ba bakanike 'yarsa ba. Da ya sa aka yi bincike a Gwale, unguwar su Mikail, sai ya ce zai sake tunani.

Abin da ya hana Ikram sukuni ba Alhaji ba ne, Bahijja ce, 'yar ƙanwarsa. Kowace Asabar motarta tana garejin.

Ikram ta tura saƙo: "Injiniya, an ce kujerata ta yi sabuwar mai zama."

"Aiki ne, Direbata. Duk yadda na gyara burkinta sai ya sake laushi."

"Allah ya ba shi lafiya. Kada ka turo manya gidanmu tukuna."

Ranar Asabar ta je ba sanarwa. Mikail yana kwance ƙarƙashin motar, Bahijja tana kujerar direba tana dariya. Ikram ba ta kalli fuskarta ba, ƙafarta ta kalla.

"Riƙe," in ji Mikail. Yana kwance notin, ƙafar ta ɗaga a hankali, ta koma.

"Yaya Ikram, lafiya kike kallon takalmina?"

"Yana da kyau. Sauka."

Ikram ta zauna, ta taka, ta riƙe har ya ce ɗaga. Taya bayan taya, burkin ya yi tauri. Mikail ya fito yana goge hannu, da ya ga Ikram a kujerar ya tsaya turus.

"Iskar da kake fitarwa ita take mayarwa," ta ce. "Ka sani?"

"Wallahi ban sani ba. Daga ƙasa ba na ganin ƙafa."

"Dariyar fa? Ita ma ba ka ji?"

Ya sunkuyar da kai. Ya miƙa wa Bahijja makullinta. "Ya gyaru, Hajiya. Ba sai kin dawo ba."

Da yamma saƙonsa ya shigo: "In turo su?"

Ta bar shi har bayan isha'i. "Turo. Amma in mace ta kawo mota, ni za a kira in taka."

An ɗaura aure bayan Ƙaramar Salla. A tsohuwar motar Alhaji aka kai amarya, motar ta tsaya cak a ƙofar gidan ango. Kafin a tashi, Alhaji ya sa musu albarka, ya ce Allah ya ba da zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba. Bahijja ma ta ce amin, daga kujerar baya.