Kaki a Tiyon Lagireto

Iliyasu bakanike ne ya gano hudar, amma sai da ya sha mari tukuna. Lokacin da Sajan Basiru ya isa garejin da ke bayan tashar Bagwai, ya tarar an rirriƙe wani matashi mai suna Naziru, shi kuwa Iliyasu yana tsaye da tiyon lagireto a hannu, kuncinsa ya tasa. A gefe ga wata farar ƙaramar bas irin ta iyali da aka jawo, an ɗaga bonet, sai warin ƙonannen mai take yi.

"Wa ya mari wa?" in ji Sajan.

"Ni na mare shi, Yallaɓai," Naziru ya ce. "Makon jiya ya canja mini tiyo, ya rantse sabo ne. Jiya na ɗauki mahaifiyata zuwa asibiti a Kano, mun wuce Bichi da kaɗan ruwa ya tsiyaye tas, inji ya buga. Tsohuwa mai ciwon suga ta wuni a gindin darbejiya."

Iliyasu bai yi musu ba. Ya miƙa wa Sajan tiyon, ya nuna masa ƙasansa. Huda ce ƙarama, zagayayya, ba tsagewa irin ta tsufa ba. Sajan ya kankare bakinta da farce, ya shinshina. Ƙarƙashin baƙin man da aka shafa akwai wani abu ruwan ƙasa mai danƙo.

"Kakin zuma ne," in ji Iliyasu. "An huda da basilla, aka toshe da kaki. Muddin inji na da sanyi ko ɗigo ba za ka gani ba. Da ya ɗau zafi, kaki ya narke, shi ke nan. Gasket ya ƙone, top, wato kan inji, ya lanƙwashe. Wannan sai wani injin."

Sajan Basiru ya daɗe a aikin nan, kuma aikin bai bar masa kyakkyawan zato ga kowa ba. Ya dubi bakaniken.

"Wa zai ci ribar gyara in ba kai ba?"

"Ranar da na sa tiyon, da ƙafarta motar ta koma ƙauyensu," in ji Iliyasu. "Ran Juma'a kuma ta je kasuwar Bichi ta dawo. Ka tambaye shi."

Naziru ya sunkuyar da kai, ya ce haka ne. To, kakin da ba ya jure tafiya ɗaya ba zai jure waɗannan ba. Sajan ya cire Iliyasu daga lissafi, ya bar shi da kumburin kuncinsa. Duk wanda ya yi aikin, bayan Juma'a ya yi shi, a inda motar take kwana.

"Allurar zafi ba ta nuna maka komai ba?" ya tambayi Naziru.

"Ta mutu tun bara. Kowa a gida ya sani. Shi ya sa kullum da safe nake duba ruwa da buta a hannu. Jiya ma na duba, cike yake."

"Motar taka ce?"

"Ta gandu ce. Baba ya bar mana, ni da Yaya Khalilu. Kuma dokar Baba, duk wanda kayan gandu suka lalace a hannunsa, daga gayaunarsa za a biya."

Sajan ɗan manomi ne, ba ya buƙatar a fassara masa. Gandu na kowa ne a gida. Gayauna kuwa ita ce 'yar gonar da mutum ke cewa tawa. A ƙasar da gona ke manne da gona har ba inda akuya za ta juya, wanda ya rasa gayaunarsa ya rasa ta ke nan. Babu mai huda motar da shi zai biya da ƙasarsa, don haka Naziru ma ya fita.

Bayan azahar suka tafi ƙauyen a kan babur. A zaure suka sami Khalilu, mutum mai ƙiba da fara'a, ɗan kasuwar hatsi, ya shimfiɗa tabarma har da ruwan sanyi.

"Wallahi Yallaɓai, abin kunya ne a ce ɗan sanda ya shigo gidan nan," in ji shi. "Ƙaddara ce. Na riga na gaya wa yaron nan kada ya damu. Zan sayo injin, in riƙe gayaunarsa jingina har Allah ya hore masa. Ai ɗan'uwa ba ya barin ɗan'uwa."

"Wa kake zargi?"

"Yaran unguwa mana. Ko masu hassada."

"Yaya ake buɗe bonet?"

"Daga ciki."

"Makulli fa?"

"Yana ɗakin Inna."

Sajan ya nemi izini, aka yi masa iso. Mahaifiyarsu Inna Hure tana kishingiɗe a kan katifa, ƙafafunta sun kumbura saboda wahalar jiya. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata ya jiki.

"Inna, wa ke ɗaukar makullin nan?"

"'Ya'yana biyu kawai. Surukai ba sa taɓa mini ƙusar da nake rataye shi."

"Ku nawa kuka yi tafiyar?"

"Ni da Naziru. Da har da Khaulat, matar Khalilu, za ta je a yi mata hoton ciki. Ta shirya tsaf, ta sa hijabi, sai mijin ya ce ta zauna, wai jikinsa bai ba shi tafiyar ba. Ka ga ikon Allah. Da mai tsohon ciki ta sha ranar nan, ai da abin ya yi muni." Ta yi murmushi. "Shi ya kama hannuna ma ya sa ni a mota, ɗan albarka."

Sajan ya riƙe maganar a ransa. Jikin mutum yana iya ƙin ba shi tafiya, ba a kama kowa da wannan. Ya fito ya ce a kai shi ya ga gayaunar Naziru, wa da ƙane suka raka shi.

Tana bakin magudanar ruwan dam, ƙasa baƙa mai kyau, an share ta ana jiran noman rani. Ta Khalilu tana bayanta, siririya kamar tabarma, ruwa ba ya isa gare ta sai ya ratsa ta ƙanen. A kusurwar ta Khalilun an yi fangalin renon tumatir, an rufa da ciyawa. Sajan ya tsuguna ya yaye. Irin ya yi kore shar, ya kai tsawon yatsa, ya isa dashe. Ya bi fangalin da ido, ya sake duban 'yar gonar, sai ya ji ransa ya ɓaci sosai.

"Malam Khalilu, wannan irin duk naka ne?"

"Nawa ne."

"Na sayarwa?"

Naziru ne ya amsa. "Yaya ba ya sayar da iri. Ko roƙa aka yi ba ya bayarwa."

"To ina za ka dasa shi? Gonarka ko rabinsa ba za ta ci ba."

"Ai... mutum yakan ƙara, saboda wanda zai mutu."

"Yakan ƙara kaɗan. Irin gwangwani ne wannan, mai tsada, ba wanda ke watsa shi don nishaɗi." Sajan ya miƙe yana karkaɗe gwiwa. "Manomi gonarsa yake aunawa kafin ya zuba iri. Kai ka auna taka ka haɗa da ta ƙanenka. Kuma irin nan ya yi makonni a ƙasa, motar kuwa jiya ta mutu. Tun kafin ta mutu ka san gonar za ta zo hannunka."

Fara'ar Khalilu ta ɗauke.

"Ka san allura ba ta aiki," Sajan ya ci gaba. "Ka san yana duba ruwa da safe, shi ya sa ka toshe da kaki. Ka jira doguwar tafiya don injin ya ƙone gaba ɗaya. Lokacin dashe ya matso, ba ka da wata tafiyar sai ta asibiti. Ka hana matarka shiga. Mahaifiyarka kuwa ka kama hannunta ka sa ta."

"Na ɗauka a Bichi za ta tsaya, cikin gari," Khalilu ya ce a hankali. "Shekara nawa ina roƙonsa mu yi musaya? Yaro ne, bai san darajar ruwa ba."

Naziru bai yi zagi ba, bai kai hannu ba. Zama ya yi a kan kunya, ya rufe fuska da hula.

Sajan ya so ya tafi da Khalilu caji ofis a ranar, har ya ciro ankwa. Amma kafin magariba zaure ya cika da mai unguwa da liman da dattawa, kowa na faɗin a rufa asiri. Inna Hure ta sa aka riƙo ta har bakin ƙofa. Ta ji komai, idanunta sun yi ja, amma muryarta ba ta yi rawa ba.

"Ɗana ba zai kwana a hannun hukuma ina raye ba. Ni aka bari a rana, na yafe. Khalilu zai sayi inji, ba jingina."

"Da me, Inna?" in ji Khalilu. "Kuɗina duk suna cikin irin nan. In bai shiga ƙasa makon nan ba, ya lalace."

Sai wani dattijo ya gyara murya ya ce ai iri ba shi da laifi, kuma barin abinci ya mutu ba kyau. Me zai hana Naziru ya ba da aron gayaunar na bana kawai, a dasa, in an sayar da tumatir a sayi inji? Zaure ya ɗauka da "Haka ne, haka ne." Inna ta juya ta dubi ƙaramin ɗanta.

"Naziru, ka yi don ni."

Sajan ya zuba masa ido, yana fata ya ce a'a, ko sau ɗaya. Kalma ɗaya ta ishe shi ya buɗe fayil. Amma wa ya taɓa ce wa uwa a'a a gaban liman?

"To, Inna," in ji Naziru.

Sajan ya mayar da ankwarsa aljihu, ya hau babur ko sallama bai yi ba.

Da rani ya yi nisa wani aiki ya sake bi da shi ta ƙauyen. Tumatir ya nuna jajir tun daga bakin ruwa har ƙarshen gonakin biyu, an baje kunyar da ta raba su. Khalilu na tsaye yana sa ido ana cika kwanduna. Sajan ya tsayar da wata mata mai tallan fura ya tambaye ta Naziru.

"Ai ya koma Kano, yana jan A Daidaita Sahu na wani Alhaji," in ji ta. "Yayansa ya ce badi ma shi zai noma masa, kada gonar ta zauna haka nan."