Ranar Haihuwar da Ba Tata Ba

Da aka tashi daga makaranta, Maman Auta ta zo ɗaukar 'yarta ta tarar ba ta nan. Maigadi ya shaida wa Sufeta, 'yar sandan da aka kira, cewa wata mata ce ta zo da kek da 'yartsana, wai ita gwaggon yarinyar ce.

"Sai ka miƙa mata 'yar mutane?"

"Ranki ya daɗe, ta san sunanta da ajinsu. Ta ce yau ranar haihuwar yarinyar ce."

Sufeta ta fara da na kusa, don yawanci ta nan ɓarna ke shigowa. Direban makaranta tun safe yana gareji, makanikai sun shaida. Malamar aji, cikin kuka, ta ce ai a watan jiya Auta ta ƙara shekara, har alewa aka raba. Uban, da suka rabu da uwar, ya faɗi ranar daidai, har da ƙarfe nawa aka haife ta.

Nan Sufeta ta tsaya. Wanda ya san yarinyar ba zai yi wannan kuskuren ba.

"Maman Auta, yau ranar haihuwar wa?"

"Tawa ce."

"A ina kika taɓa sa taki a madadin tata?"

Matar ta dafe kai. Ashe wata manhajar koyon karatu ce a waya. Ranar rajista tana sauri, tukunya na kan wuta, ta danna ranar da ta fara faɗo mata. Makaranta, aji, hoto, duk ta bayar. Ita kuma Auta, baiwar Allah, kullum tana gaya wa tsuntsun da ke magana a ciki irin 'yartsanar da take so.

A ofishin kamfanin manhajar, manaja ya cika Sufeta da murmushi da daɗin baki. Ko a jikinta. Ta ce a nuna mata wanda ya buɗe bayanan Auta. Wani ma'aikacin sashen talla ne, bai sha wata matsa ba ya faɗi matar da ya sayar wa da bayanan, har da kwatancen gidanta. Kafin rana ta faɗi aka samo Auta kulle a ɗaki, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Washegari uwar ta biyo Sufeta ofishin, riƙe da hannun 'yarta gam.

"Ku goge duk abin da ya shafe ta."

"Na wajenmu za mu goge," in ji manaja. "Wanda abokan hulɗarmu suka saya kuwa ya bar hannunmu."

"Su nawa ne?"

Ya juya ga kwamfuta, ya yi ta gangarawa, abin ya ƙi ƙarewa. Sufeta ta tuna gida. Ita ma tana da yara, kuma yau da safe ta bar musu wayarta suna wasa.