Faifan Tagullar Tarago Na Uku

Da almuru ne, ana yayyafi, Gisuke ya shigo tashar Arase da taragonsa. Tarago ɗaya ne tal, tsoho, mai shan wuta daga wayar sama. Tun zamanin kakanni aka shimfiɗa layin don sauko da katako daga dutse. Katako ya ƙare, sai 'yan makaranta da tsofaffi masu zuwa asibiti suka rage.

Layin guda ne, a Arase kaɗai jirgin hawa da na sauka ke iya wuce juna. Daga nan zuwa ƙauyen sama kuwa, wanda ke riƙe da faifan tagulla shi ke da hanya. Faifan ɗaya ne, yana cikin jakar fata mai babban zoben ƙarfe, da huda mai kusurwa uku a tsakiyarsa. Direba in ya karɓa sai ya buɗe, ya nuna hudar da yatsa, ya ɗaga murya: "Kusurwa uku, daidai!" Shekara ashirin da shida Gisuke bai taɓa tsallake duba faifai ba.

Da can akwai wani faifan, mai zagayayyar huda. Kogi ya tafi da shi ranar da dutse ya zafto ya tura tarago na uku cikin ruwa, da direbansa Denzo a ciki. Ba a ga gawa ba, ba a ga faifai ba. Shi ya sa da aka ƙera sabo aka sauya masa huda.

Fasinja ɗaya ce ta rage a taragon, tsohuwa Otane mai tallan busasshen kifi. Tana saukowa da kwandonta ta leƙo wurinsa.

"Kai Gisuke, saki fuskar nan mana! Mutum zai yi jika yana ɗaure fuska kamar an hana shi abinci. Yau Chiyoko ke saukowa gida haihuwa, ko?"

"Tana cikin na sauka, Inna. Nan za mu haɗu."

"To, in namiji ne mijina ne, kada a ba wata. Sai dai kar ya ɗauko hancin nan naka."

Ta tafi tana dariya, ƙarar takalminta na katako ta ɓace cikin ruwa.

Minti biyar, na sauka bai iso ba. Minti goma, shiru. Fitilar ofishin shugaban tasha, tsoho Uzuki, tana ci, amma ƙofa a rufe. Can sai ga mutum tsaye a ƙarshen dakali, cikin rigar ruwa, hula ta rufe masa fuska, ya ɗaga zoben jakar sama.

"An tsayar da na sauka," in ji shi, can ƙasan maƙoshi. "Ruwa ya yi yawa a sama. Hanya taka ce."

Hankalin Gisuke ya tashi. Chiyoko, 'yarsa tilo, da cikin wata tara, a kan bencin tasha cikin wannan sanyi! Ya zura hannu ya karɓi zoben, ya rataye, ya ja jirgi. Bai buɗe jakar ba. Kaico, yini guda cikin shekara ashirin da shida.

Tarago ya shiga daji. Injin na gurnani, ruwa na bugun gilashi, kogi na ruri can ƙasa a hagu. Sai ya ji wari. Warin laka ne, irin baƙar lakar gindin kogi da rana ba ta taɓa gani ba.

Ɗis. Ɗis.

Jakar ce ke ɗiga a kan takalminsa.

Sai fitilun tarago suka dushe, suka koma ja. Injin wutar layin ƙarami ne, ba ya ɗaukar jirgi biyu a waya ɗaya sai fitilu sun dushe. Kuma bayan ramin dutsen da ke gabansa akwai ɗan tudun da na sauka ke hawa kafin ya gangaro. Wato ba a tsayar da shi ba. Yana tafe.

Ya buɗe jakar. Tagullar ta yi kore, laka ta cika ta. Ya goge da babban yatsa.

Hudar zagayayya ce.

"Ka karɓa," wata murya ta ce a bayan wuyansa. Numfashinta sanyi ƙarara.

"Denzo?"

"Shekara ashirin ina riƙe da shi. Ba wanda ya zo ya canje ni. Na gaji, Gisuke."

Ya danna birki iya ƙarfinsa. Tarago ya ja ƙafa a kan jiƙaƙƙen ƙarfe, ya tsaya daf da bakin ramin. Ramin a lanƙwashe yake, direban na sauka ba zai hango shi ba sai sun yi karo. Ya busa oda, rurin kogi ya haɗiye ta. Ja da baya ba zai fisshe su ba, mai gangarowa ya fi shi gudu. Ƙarfen dogo ya fara kaɗawa a ƙarƙashinsa.

Abu ɗaya ya rage: ya kashe wutar layin gaba ɗaya. Doka ce, in wuta ta ɗauke direba ya tsaya nan take.

Ya fizgi zoben, ya fita, ya kama tsanin rufi. Wani jiƙaƙƙen hannu ya cafke masa idon sawu.

"Ba a ajiye shi a hanya," muryar ta raɗa. "Sai an kai shi."

Ya yi shuri. Takalmi ya tafi, ƙafa ta kuɓuta.

Haske ya ɓullo a bangon ramin.

Ya rataya zoben a wayar sama, ya danna ƙasansa a kan ƙarfen rufi.

Wuta shuɗiya ta tashi. Ƙaurin nama. Duhu.

Cikin ramin, birkin na sauka ya yi kuka, ya yi ta kuka, kamar ba zai ƙare ba. Sannan ya yi shiru. Taku bakwai ne tsakanin taragon biyu, daga baya aka auna. Gisuke yana kwance a kan tsakuwa ya ji muryar 'yarsa daga cikin duhu.

"Baba? Baba, kai ne?"

Tsoho Uzuki ya rantse bai fito daga ofis ba a ranar, yana ta fama da wayar tarho da ta mutu. Faifai mai kusurwa uku kuwa yana rataye a taragon sauka, inda ya kamata. An bincike daji da bakin kogi, ba a ga wani zobe ba. Hannun daman Gisuke ya shanye, bai sake tuƙi ba.

Chiyoko ta haifi namiji da asuba, lafiyayye. Bayan shekara uku aka rufe layin, aka kwashe ƙarafan. Ba a taɓa zancen wannan rana a gidan ba, don Gisuke ya hana.

Wani yammaci ana yayyafi, yana zaune a bakin ƙofa, jikansa ɗan shekara huɗu yana jan akwatin ashana a kan tabarma yana kukan jirgi. Sai fitilar ɗakin ta dushe, ta koma ja. Yaron ya tsaya cak. Ya buɗe tafin hannunsa, babu komai a ciki, ya nuna da yatsa, ya ɗaga murya.

"Zagaye, daidai!"