Kunun Tsamiya a Gado na Biyu

Ƙarfe huɗu na yammacin Lahadi aka bugo waya caji ofis ɗin Gombe. Wani ya rasu a asibiti, danginsa sun tare ƙofa, sun ce sai an miƙo musu nas ɗin da ta kashe shi.

Sufeto Elias ba ya ƙaunar asibiti ko kaɗan. Shekarar 1976 ce, kuɗin mai ya cika tituna da sababbin motoci, motocin kuma suna cika gadaje da direbobi, kullum shi ake turawa ya rubuta sunaye. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Mamacin Jesse ne, direban tirela daga Bagadaza. Tun da motarsa ta kife a hanyar Bauchi bai farfaɗo ba. Kwana tara ya yi a ɗan ɗakin da ake ajiye waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, gado biyu kacal, da tukunyar iskar numfashi a tsakaninsu.

"Jiya ya fara motsa leɓe, har na sa rai," in ji Dakta Livinus, likitan ɗakin. "Yau ƙarfe biyu numfashi ya sarƙe. Da na zuƙe maƙogwaronsa, ga abin da ya fito."

Ya miƙo kwalba. Elias ya sunsuna, kunun tsamiya ne.

"Wanda ba ya hayyacinsa ba ya iya haɗiya. Duk abin da aka zuba masa a baki, huhu yake tafiya, ko ɗigo ba ya isa ciki. Shi ya sa muke ba shi madara ta robar hanci."

Elias ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado na biyu, inda Jesse ya yi jinya. Ya zaro ɗan ƙaramin ludayi, ya sa a aljihu.

An ɓoye nas ɗin, Sista Lois, a sito don kada dangi su taɓa ta, can Elias ya same ta. Yarinya ce, bara ta gama makarantar jinya.

"Kin bar ɗakin?"

"Ban fita ba, yallaɓai."

"Kowane minti goma sha biyar kike rubuta bugun jininsa a katin nan. Daga ɗaya da rabi zuwa biyu babu komai. Biron ne ya tafi hutu?"

Sai ta fashe da kuka. Iskar ce ta kusa ƙarewa, lebura ba ya zuwa ran Lahadi, ita ta je ta gangaro da wata tukunyar da hannunta. Elias ya ji tausayinta, amma tausayi ba ya shiga fayil. In bai samo mai ludayin ba, ita zai kai gaban alƙali.

A baranda ya tarar da Hilda, matar mamacin, a kan tabarma. Gefenta wata tsohuwa ce ta zuba wa tagar ɗakin ido, da kwanon sha ɗaure cikin ƙyalle kusa da ƙafarta.

"Sannunku da haƙuri. Ina kike ƙarfe biyu?"

"Ina coci," in ji Hilda.

Ya kwance ƙyallen ya buɗe kwanon, sauran kunun tsamiya ne a ciki. Hilda ta kalli kunun, ta kalli tsohuwar, ta sunkuyar da kai.

"Ni ce, yallaɓai," in ji Hilda. "Ba coci na je ba. Ni na ba shi."

"Da me?"

"Da cokali."

Elias ya fito da ludayin ya ajiye a kan tabarma. Tsohuwar ta miƙa hannu ta ɗauka, ta goge shi da bakin zanenta.

Jumma ke nan, mahaifiyar Jesse, daga wani ƙauye bayan Kaltungo. Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba. Elias ɗan can ne, sai ya zauna a ƙasa ya juya harshe zuwa Tangale.

"Mama, naki ne?"

"Nawa ne. Da shi na yaye shi." Ba ta ɓoye komai ba, don ba ta san akwai abin ɓoyewa ba. "Kwana tara ina kallo ta tagar nan, ɗana, ban ga an sa masa komai a baki ba. Jiya na ga yana motsa leɓe, na san abinci yake roƙo. Da yarinyar ta fita sai na shiga. Ludayi uku na ba shi."

Akwai takarda manne a kan gadon, da Turanci, cewa kada a ba shi komai ta baki. A kwana tara ba a sami mutum ɗaya da ya gaya mata aikin robar hancin ba. Wannan ya ƙona wa Elias rai fiye da duk gawar da ya taɓa gani. Dole ya gaya mata abin da kunun ya yi, ya kuwa gaya mata.

Ba ta yi kururuwa ba. Ta daɗe tana kallon ludayin, sannan ta miƙe da kanta.

Ya sa aka buɗe wa Sista Lois sito. Kofur ɗin da ya rako shi ya zaro wa tsohuwar ankwa, Elias ya harare shi har ya mayar. Shi ya riƙe hannun tsohuwar, dangi suka dare suka ba su hanya.

A bakin mota ta tsaya.

"Ɗana, likitan ya ce ko kaɗan ya isa cikinsa?"

Elias ya buɗe mata ƙofa.

"Ya isa, Mama," ya ce. "Bai tafi da yunwa ba."