Riskuwa da Gidan Ƙasa

Riskuwa na tsakar gida tana tsintar shinkafa Inna ta shigo daga unguwa. Ko mayafi ba ta cire ba ta tsaya a kanta.

"Ashe gidan ƙasa Ja'afar zai kai ki? Unguwar Nasarawa duk an ji, ni uwakki sai wurin suna na ji?"

Riskuwa ta dakata da tsintar. Ja'afar ɗan Argungu ne, ya karanci zanen gine-gine, kuma an riga an sa musu rana. Gidan da zai kai ta na kakansa ne, ginin tubali da ya daɗe yana lalacewa, babu kowa ciki sai kakarsa Tamba da ta ƙi barin ɗakinta. Shi kuwa ya ce gyara shi zai yi, ba zai rushe ba.

"Inna, gyarawa yake. Zai sa sola da famfo, har da tayil a banɗaki..."

"Ko zinari zai liƙa, ƙasa ƙasa ce. Ɗiyata ba ta kwana ƙarƙashinta."

Da yamma mahaifinta, Malam Usmanu, ya dawo daga fadamarsa ta Zauro. Ya saurari Inna har ta gama, sannan ya aika wa Ja'afar da magana guda: ko ya rushe ya gina na bulo, ko a mayar masa da kayan sa rana.

Washegari Ja'afar ya zo zaure, idanunsa sun yi ja.

"Riskuwa, in na rushe ina zan kai Kaka? Ɗakin nan aka kawo ta tana amarya. Kuma katangun lafiyarsu lau, ruwa ne kawai ya ci gindinsu. Cikin bazara ko fanka ba ki nema."

"Na yarda da kai," ta ce, hawaye na zubo mata. "Amma ba zan saɓa wa iyayena ba. Ba kuma zan ce ka rushe ba. Ci gaba da aikinka, ni ka bar ni da roƙo."

Roƙon ta yi ta yi, har Baba ya yarda a ɗaga ranar maimakon a fasa. Inna kuwa ta ɗauke mata wuta, gaisuwa ma da kyar take amsawa. Riskuwa ta rame, amma ba ta taɓa ɗaga mata murya ba.

Ana cikin haka damina ta sauka da ƙarfi. Wata safiya Goggo Nana, ƙanwar Baba, ta faɗo gidan tana haki.

"Katangar gidan Ja'afar ta zube. Direban da ya zo daga Argungu ya gani da idonai."

Nan take Inna ta shiga fito da akwatunan sa rana tana jerawa a ƙofar ɗaki. Riskuwa ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, abu ɗaya nake roƙo. Ku je ku gani kafin a mayar. In kun gani kun ce a'a, wallahi na haƙura."

Malam Usmanu ya dube ta, sannan ya ce kowa ya shirya a tafi Argungu.

Sun tarar da Ja'afar ya naɗe wando yana cuɗa ƙasa tare da magina. Katangar bayan gida ce ta faɗi, wadda aiki bai kai kanta ba, kuma ƙasarta suke sake kwaɓawa. Ya wanke hannu ya durƙusa ya gaishe su, ya shigar da su ciki. An ɗaure gindin ɗakunan da dutse da siminti. Tsohon rufin azara na nan, an ɗora kwano a bisansa, ruwan indararo na gangarawa cikin tanki. Tagogi na kallon juna, iska na ratsawa.

Baba na gyaɗa kai, amma Inna ta toge a bakin ƙofa, ta ƙi shiga. Tsohuwa Tamba ta dogara sandarta ta matso ta riƙo hannunta.

"Ɗiyata, mi kike tsoro?"

Sai Inna ta fashe da kuka. "Ina yarinya a Zauro, ɗakin ƙasa ya rufta wa ƙanena Sirajo cikin ruwa. Da hannu munka tone shi, babu rai. Ni ba don mutane nike hanawa ba."

Riskuwa ba ta taɓa jin wannan labari ba. Ta rungume mahaifiyarta ita ma tana kuka.

Ja'afar ya sunkuyar da kai. "Inna, ki gafarce ni, na ɗauka raina gidan kike. Kada a ɗaura auren sai damina ta wuce duka. In kika ga tsaga ko ɗaya a ɗakunan nan, zan kama haya a Birnin Kebbi, ba tare da gardama ba."

Haka suka yi ta jira, duk sanda hadari ya haɗo Riskuwa sai ta kama addu'a. Bayan an yanke shinkafa, Inna ta tafi Argungu ita kaɗai. Ta bi ɗakunan tana shafa bango da tafin hannu, lungu-lungu. Da ta dawo ta zauna kusa da ɗiyarta ta ce, "Ki fara shiri. Ni da kaina zan yi miki jere."

Aka ɗaura aure, Riskuwa ta tare a gidan da aka so rushewa, Tamba na ɗakinta tana sa musu albarka.

Da Riskuwa ta yi wa mahaifiyarta tsiwa, ko Ja'afar ya yi fushi ya janye, da babu wanda zai san ciwon da ke zuciyar Inna. Sau da yawa hanin iyaye tsoro ne da ƙauna, kuma haƙuri da ladabi ne kaɗai ke kwance shi.