Waƙar Shida a Bakin Kogi

A wani zamani an yi wani malamin lissafi mai cika baki. Kullum hadda, kullum bulala.

Wata rana ya kwaso ɗalibai goma sha takwas za su je gasa a ƙetaren kogi. Mai fito ya ce, "Malam, mutum shida jirgina yake ɗauka. Sawu nawa zan yi da yaran nan?"

Malam ya ɗaga bulala, yara suka rera: "Shida sau biyu, sha biyu! Shida sau uku, sha takwas!" Haka suka zarce har ƙarshen waƙar.

Malam ya bugi ƙirji. "Ka ji ko? Ko tuntuɓe babu!"

"Na ji. Sawu nawa?"

Yara suka kalli Malam, Malam ya hau sosa ƙeya.

Mai fito ya tura jirginsa ya ce, "To, waƙar ta ƙetarar da ku."