Namijin da Ke Cikin Waƙar

"Zara! Zo nan ki faɗa min... wane ne wannan?"

Gwaggo Dela ce tsaye a tsakar gida da waya a hannu, ko mayafin unguwa ba ta cire ba. Zara da shigowarta ke nan daga makaranta ta ajiye jaka a kan turmi. Kiɗan fiyano ne ke tashi daga wayar, sai ga muryarta siririya ta biyo baya:

"Baƙo, in tafiya ta kama ka, bar mini rawaninka..."

Wata kakkaurar murya ta namiji ta amsa:

"Rawani ya yi kaɗan, riƙe mai rawanin duka."

"Gwaggo, a ina kika samu wannan?"

"A ina na samu? Babura ta gama ji, har Kanya Babba an ji! Baba Kura ya aiko, ya ce a dakata da maganar ɗaurin aure sai an kawo masa sunan ƙaton da kika yi waƙa da shi."

Zara ta zauna daɓas a wurin.

Saura kwana goma sha shida a ɗaura mata aure.

"Wallahi Gwaggo babu kowa... ni ce."

"Ai na san ke ce, ni na raine ki, zan kasa gane muryarki? Namijin nake tambaya."

"Namijin ma ni ce!"

Gwaggo ta yi mata kallon wadda ake shirin nema wa rubutu, ta ce, "La'ilaha illallahu. Yarinyar nan ta zautu."

Ba ta zautu ba. Zara malamar Hausa ce a wata sakandaren 'yan mata a nan Kazaure, kuma ita ke kula da ƙungiyar wasan kwaikwayo. Bana ta zaɓi wani tsohon wasa tun na zamanin kakanni, labarin wata mata da mijinta ya tafi fatauci bai dawo ba, ta sa rigarsa da rawaninsa ta bi ayari nemansa, har 'yar maigidan da ta sauka a wurinsa ta kamu da son wannan baƙon saurayi. Wasa ne mai daɗi, amma 'yan matan yanzu suna karanta shi suna hamma. Sai dabara ta faɗo wa Zara: ta tsara waƙoƙi irin na zamani, masu fiyano da ganga, ta jera su tsakanin fitowa da fitowa. Ranar da suka ji kiɗan farko, har masu laɓewa a bayan aji sai da suka zo neman a ba su matsayi.

To amma waƙar baƙo da 'yar maigida tana son murya biyu, ta mace da ta namiji. Shi kuwa Baba Kura, mahaifin Hussain ɗan Babura da za ta aura, tun ranar da aka kai gaisuwa ya gindaya sharaɗi guda: ta koyar da abin da take koyarwa, amma kada ya ji muryarta haɗe da ta wani namiji. Zara ta ɗauki alkawari da zuciya ɗaya. Don haka da ta je situdiyon Halliru da ke bayan kasuwa, sai ta rera baitin mace, ta sake rera na namiji, Halliru ya danna kwamfuta ya saukar da muryar ta yi kauri. Har daɗi ta ji, don abin ya dace da wasan, tunda baƙon ma ai mace ce a cikin rigar maza. Garin gudun gara ashe gidan zago ta nufa.

Da ta gama bayani, Gwaggo ta zauna a bakin rijiya tana jinjina kai.

"Ni na yarda da ke, 'yar nan. Amma wa kika tura wa?"

Zara ta dafe ƙirji.

"Amna..."

Amna 'yar ƙanin Baba Kura ce, wadda dangi suka daɗe suna raɗe-raɗin za a haɗa ta da Hussain kafin Zara ta ɓullo. Makon jiya ta kawo atamfar anko, tana ta "amaryarmu, amaryarmu" da dariya har kunne. Zara, da ba ta iya riƙe farin ciki a ciki, ta kunna mata waƙar, ta faɗa mata sirrin duka, ta kuma tura mata da hannunta.

"Ta san gaskiya, Gwaggo! Ni na faɗa mata da bakina!"

"Shi ya sa ta tura waƙar ta riƙe bayanin," in ji Gwaggo. "Ke dai Allah ya ba ki ilimi, ya rage miki wayo."

Zara ta shige ɗaki ta kira Hussain. Wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake kira, ta sake, har sau tara. Sai ta koma rubutu.

"Masoyina, don Allah ka saurare ni..."

"Babu wani namiji, wallahi babu."

"Sanyin idona, ko kalma ɗaya ce ka ce min."

Saƙonnin suka shiga, ba a buɗe ba.

Haka aka kwana uku. A makaranta tana tsaye gaban allo sai ta manta abin da take faɗa, 'yan aji suna kallon juna. Abinci kuwa sai dai ta juya cokali ta ture. Ba maganar mutanen Babura ce ke cin ta ba, don mutane ko ba ka ba su abin faɗa ba za su samo. Shirun Hussain ne. Mutumin da ko ƙofar shagonsu zai buɗe sai ya kira ya ce "Malamata, kin tashi lafiya?", yau ya ji wani namiji na ce mata ta riƙe shi duka, ya kuma yi gum. Tsoro take ji ƙwarai, tsoron kada a ce ya yarda.

Ranar Alhamis Gwaggo ta ɗaura ɗankwali ta hau motar Babura. La'asar ta dawo, ƙafafunta duk jar ƙasa.

"Na faɗa wa Baba Kura komai. Ya ce shi tun yana saurayi yake ciniki har cikin Nijar, ya ga dabaru iri-iri, amma bai taɓa ganin inda mace ta zama namiji ba. Amna kuma ta ce muryar ta Halliru ce."

"Halliru? Mai 'ya'ya biyar?"

"Ya ce gani ya kori ji. Jibi zai zo da kansa, ki yi waƙar a gabansa."

Zara ta zaro ido.

"A gabansa? Gwaggo, surukina ne fa! Ni da ko gaishe shi zan yi sai na juya kai gefe, ta yaya zan buɗe baki in yi masa waƙar soyayya?"

"Na roƙe shi a sa labule, ya ce a'a, a bayan labule ake ɓoye ƙato. Bakinki yake son gani yana motsi."

"In na yi, ya ce ba ni da kunya. In ban yi ba..."

"In ba ki yi ba, babu aure. Zaɓi ɗaya."

Zara ta tambayi abin da ya fi damunta.

"Kin ga Hussain?"

"Na hango shi a shago. Ya gaishe ni, bai ce komai ba."

Asabar da hantsi wata tsohuwar mota ta tsaya a ƙofar situdiyon. Zara na ciki tare da Gwaggo, tana leƙe ta taga. Baba Kura ya fito da babbar riga da carbi, Amna ta biyo shi tana gyara gyale. Hussain ne ya tuƙo su. Ya fito, ya rufe wa mahaifinsa ƙofa, sai ya wuce gindin wata darbejiya a tsallaken titi ya zauna a kan benci, ya ba situdiyon baya.

Ko kallon ƙofar bai yi ba.

Zara ta juyo daga tagar. Wato har ya yanke hukunci, ba ya ma son ji.

"Gwaggo, ya ƙi shigowa..."

"Share hawayenki. Wanda ya shigo shi za ki fara gamsarwa."

Halliru ya tayar da janareta, ya kawo wa dattijon kujera yana ta russunawa. Ɗakin ƙarami ne, an raba shi da gilashi. Kafin ya zauna, Baba Kura ya shiga ɗan ɗakin waƙar da kansa, ya ɗaga katifun da aka jingina a bango, ya leƙa ƙarƙashin tebur. Sannan ya dubi Halliru.

"Kai kuma ka cika bakinka da ruwa, kada ka haɗiye sai na ce."

Halliru ya kurɓi ruwan leda, kumatunsa suka yi tulu-tulu. A wata rana da Gwaggo ta yi dariya har ta faɗi, amma yau ko murmushi babu wanda ya yi.

Zara ta shiga, ta tsaya gaban makirufo. Tsakaninta da surukinta gilashi ne kawai. Ta ja mayafi za ta rufe fuska, ya ɗaga hannu alamar a'a.

Kiɗa ya tashi.

Ta buɗe baki, babu abin da ya fito.

Kiɗan ya wuce ta. Halliru ya mayar da shi farko. Ta sake gwadawa, muryar ta ƙi fita. Ta ga Amna ta sunkuya tana faɗa wa Baba Kura wani abu a kunne, ta ga dattijon ya fara tattara bakin rigarsa zai tashi.

Idan ya tashi, shi ke nan.

Zara ta runtse ido, hawaye na zuba, ta ɗauko baitin baƙo tun daga cikin cikinta:

"Rawani ya yi kaɗan, riƙe mai rawanin duka..."

Daga sifikar da ke gefen Baba Kura muryar ƙato ta fito, kakkaura, tana rawa daidai inda tata ke rawa, tana shessheƙa daidai inda take shessheƙa.

Carbin ya suɓuce daga hannun dattijon.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!"

Ya dubi bakin Zara, ya dubi kumatun Halliru da har yanzu ke cike da ruwa, ya dubi sifikar. Ya ce a sake, aka sake. Sannan ya miƙe ya shiga ɗan ɗakin, Zara ta matsa can lungu ta durƙusa.

"Kai yaro, haɗiye ruwan. Abin nan yana juyawa ta ɗaya gefen?"

"Yana yi, Baba."

Baba Kura ya gyara tsayuwa, ya yi gyaran murya, ya ce, "Salamu alaikum."

Wata siririyar murya kamar ta amarya ta amsa kuwwa a ɗakin.

Gwaggo ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta na girgiza.

"Kashe! Kashe, kuma ka goge!" in ji Baba Kura. "In na ji wannan a Babura, kai da ni ne."

Da ya fito ya tsaya a kan Amna.

"Kin san haka abin yake?"

Amna ta sunkuyar da kai tana murza gyale.

"Tambayarki nake."

"Ta... ta faɗa min, Baba."

"Je ki mota. Ni da ubanki za mu yi magana."

Sai ya juyo wajen Zara, muryarsa ta sauka.

"'Yata, tashi. Kin riƙe alkawarina, ni kuma na sa ki abin da bai kamata suruki ya sa 'yarsa ba. Kunyar yau tawa ce, ba taki ba. Ki yafe min. Ranar da aka sa tana nan."

"Babu komai, Baba," ta ce da ƙyar.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Amma Zara ba ta ji sanyin da ta zata ba. An wanke ta a gaban kowa, ban da mutum ɗaya, wanda shi kaɗai ne za ta zauna da shi har tsufa. Ta fito ta tsallaka titi, ko babur ɗin da ya kusa taka ta ba ta gani ba.

Hussain ya miƙe da ya ji takunta. Ya rame, idanunsa sun yi ja.

"Malamata..."

"Kada ka kira ni haka!" in ji Zara. "Kwana biyar, Hussain! Sau nawa na kira ka? Ko saƙona ba ka buɗe ba!"

"Baba ne ya sa na yi rantsuwa. Ba kira, ba karanta saƙo, sai ya gama bincikensa. Kin san ba zan karya ba."

"To shigowa fa? Ita ma rantsuwa ka yi?"

"A'a. Ya ce in shigo, na ce ya yi min afuwa."

"Saboda ba ka son ganin fuskata..."

"Zarata, dube ni."

Ta ɗago a hankali.

"Ban san abin da ya faru a ɗakin nan ba. Guɗar Gwaggo kawai na ji, kuma ba na son ki ba ni labari. Tun ranar da aka kunna min waƙar na ce wa Baba ban san wane ne ba, amma na san wace ce ke. Da na shiga na ji da kunnena, yau da na ce miki na yarda da ke, kuma har mu tsufa ba za ki taɓa sanin da ke na yarda ko da kwamfutar Halliru ba."

Zara ta tsaya tana kallonsa.

"Da muryar ta ƙi fita fa? Saura kaɗan ta ƙi..."

"Da na mayar da Baba gida, gobe in dawo in durƙusa masa, jibi ma haka, har ya gaji da ni."

Kukan da ta kwana biyar tana dannewa ya ƙwace mata a nan bakin titi, gaban masu kayan miya da 'yan acaɓa. Ta zauna a ƙarshen bencin ta rufe fuska da mayafi. Hussain ya zauna a ɗaya ƙarshen, ya bar tazara a tsakaninsu kamar yadda ya kamata.

Daga tsallake Baba Kura ya ɗaga murya.

"Hussain! Za mu tafi ko sai an ɗaura a nan?"

"Ga ni nan, Baba," ya amsa.

Amma bai tashi ba sai da ta yi shiru.